Ƙwayar Nan Mai Ruwan Ɗorawa da Anka Ba Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ana jina can baya? Gwaggo Binta, in kina jina ɗaga mafici. Yauwa, Allah shi bar mana ke.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyar unguwarmu ta Ƙofar Taramniya, Alhaji Gambo. Mai girma limamin masallacinmu, Malam Abdulwahabu, Allah shi ƙara lafiya. Malamina Malam Yohanna, wanda yat taso tun daga Sabon Gari cikin ranar ga, wanda yak koya mani kimiyya shekara biyu cur bai ga amfanin wahalarshi ba. Sista Tabita, nas ɗinmu, wadda ke zaune bakin ƙofa da buhu gabanta. Iyayena maza da iyayena mata. Abokan Baba na layin atamfa. 'Yan guruf ɗin unguwa, masu magana da masu karantawa su yi shiru kamar ba su nan, ina ganinku, waya na nuna mani. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina ƙara gaishe ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafisa, ɗiyar Alhaji Malami mai atamfa. Allah shi yafe mani kiran sunan, saboda baƙi nik kira shi. Daga yanzu Baba za ku ji.

Na gode da kunka rufe shaguna, na gode da kunka sauke tukwane, na gode da kunka zo da kwalayen magungunan gidajenku kamar yadda nir roƙa. Sista ta ce buhun ya kusa cika. Wallahi in anka jera abin da unguwar ga ta aje ƙarƙashin katifa, kemis uku za a buɗe, har a ba garin Kwalkwalawa reshe.

Na rubuta jawabina cikin waya, don haka in kunka ga na tsaya, saƙo ne yash shigo ya rufe mani layi. Magana huɗu gare ni. Ta farko gajera ce, ta biyu kunya ce, ta uku ilimi ce, ta huɗu ita ta tara mu.

Ta farko. Wata biyar ke nan da likita yac ce Baba na da ciwon daji a hanta. Mun ɓoye kwana biyu, amma unguwar ga ba a ɓoye ko sabuwar tsintsiya. Anka fara yi mai maganin da suke kira kemo, wanda ake sa wa mutum ta jijiya, a huta mako uku, a koma. An yi na farko, an yi na biyu. Na uku sau biyu muna zuwa asibiti ana maido mu, don gwajin jini ya nuna hantar ta gaji, ƙodar ma tana ƙorafi. Jibi Talata za mu koma karo na uku. Dokta Abdulshakur, likitan da ke duba Baba, ya gaya muna ba ɓoye-ɓoye cewa ciwon ba shi jiran kowa, kowane mako da anka ɗaga, ciwon ne yac ci riba. To wannan ita ce ta farko. Ku riƙe Talata a ranku.

Ta biyu. Jama'a, ni ce mafarin abin ga. Ni, Nafisa, da babban yatsana na dama.

Ran da anka yi kemo na biyu ina zaune bakin gadon Baba, ruwa na shiga, shi yana gyangyaɗi, ni ina latse-latse. Sai nig ga wani labari da Turanci, da hoton hanta ja-jawur kamar ta mahauta. Kanun labarin na cewa masana sun gwada magungunan ciwon jiki na yau da kullum tare da kemo, a kan ƙwayoyin ciwon dajin hanta. Ban karanta ƙasa ba. Rubutun da tsawo, kuma ƙanana, kuma akwai lambobi, ni da lambobi Malam Yohanna shaida ne. Nic ce a raina, in an gwada ai ya yi kyau ke nan, wa zai buga labarin abin da bai yi ba? Nif fita baranda, nid danna, niy yi muku saƙon murya na minti bakwai. Kun tuna shi. «Jama'a albishirinku, Turawa sun gano maganin ciwon kai na ƙara wa kemo ƙarfi, a tura wa masoya.» Har da kabbara nis sa a ƙarshe.

Kun tura wa masoya. Wallahi kun tura. Bayan kwana huɗu saƙon ya dawo wayar Innata daga ƙanwarta ta Kwalkwalawa, an rubuta a samanshi wai muryar wata babbar likita ce da tay yi karatu Indiya. Inna ta kira ni ɗaki, tac ce, «Nafisa zo ki ji masu ilimi, ba irin shirmenki ba.» Nic ce, «Inna, ai muryata ce.» Tad dube ni sama da ƙasa, tac ce, «Ke dai kin cika son a san ki.» Har yau ba ta gama yarda ba. Ga ta can, ku tambaye ta.

Ku yi dariya, na cancanta. Amma ku bar mani kaɗan, don yanzu zan iso kanku.

Kun san al'adarmu ta dubiya. Ba a shiga wurin majinyaci hannu biyu. Da can lemu ake kawowa, ko kankana, ko madara, ko fura mai kyau. Daga ran da saƙona yaf fita, dubiya ta canza. Mutum zai shigo, ya yi sannu, ya yi addu'a, sai ya sa hannu aljihu ya fiddo ƙwayoyi, an ɓare su daga kwali an ƙunshe a takarda, yana raɗa, «Alhaji, ga na ƙarin ƙarfin nan.» Mata su kwance bakin zane. Wata tsohuwa, ba ni faɗin suna, a cikin gwangwanin man shafawa tak kawo nata, Baba ya kwana biyu yana gyatsar turare.

Kuma kun san Baba. Shekara arba'in yana kasuwa bai taɓa maida wa mutum kyauta ba. In ka ba shi goro ruɓaɓɓe sai ya ɓantara gabanka ya ce ya yi daɗi. A wurinshi aje kyauta gefe cin fuska ne. To haka yay yi da magani. Ka miƙa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce bismillah, ya haɗiye gabanka don ka ji daɗi. Ka fita, na bayanka ya shigo, ya haɗiye nashi don kada ya ce an fi son na farko. Ran wata Jumu'a, bayan an sauko masallaci, mutum tara sunka shigo jere. Tara, jama'a. Mu muna tsakar gida muna murna Baba na da mutane.

Kuma abin da yad daɗa rufe muna ido, Baba ya daina kukan ciwo. Ya daina cewa bayanshi, ya daina cewa cikinshi. Ni kuwa ina yawo ina ɗaga kai, ina cewa kun gani, bincikena ne.

Sista Tabita ce ta gano. Ta zo duba shi kamar yadda ta saba in ta tashi aiki, ta ɗaga hularshi daga kan matashi za ta gyara, sai ga ƙwayoyi na zuba kamar an fasa tasbaha. Fari, ja, mai rabi shuɗi rabi fari. Ta laluba aljihun babbar riga, ga wasu. Ba ta yi ihu ba, kun san ta. Tac ce, «Nafisa, samo mani leda.» Da nik kawo tac ce, «Wa yac ce a ba shi waɗanga?» Nic ce, «Wata likita ce ta Indiya.» Tac ce, «Na ji saƙon. Likitar ta Indiya tana cewa wallahi tallahi kamar ɗiyar Inna Kulu.» A nan nif faɗa mata gaskiya.

Ta uku, ilimin. Wannan ba daga waya nis samo shi ba, daga bakin Dokta Abdulshakur ne, kuma Sista na nan, in na karkace ta daka mani tsawa.

Da munka kai mai ledar, ya zazzage ta kan tebur yana warewa da biro, yac ce in nuna mai labarin da nik karanta. Nin nuna. Yac ce in ja ƙasa. Nij ja. Yac ce in ƙara ja. Jama'a, ashe labarin na da ƙafafu, ni kai kaɗai nig gani. Yac ce, «Kin ga wanga hoton? Mene ne?» Nic ce, «Faranti ne ƙarami, kamar na miyar yara.» Yac ce, «To a cikinshi anka yi gwajin. Ƙwayoyin ciwon ake ɗebowa a raina su a ɗakin bincike, a ɗiga masu magani a ga abin da zai faru. Irin wanga bincike na da amfani, da shi ake farawa. Amma wani sa'in a ga kamar maganin ciwon ya taimaka, wani sa'in a ga ya rage wa kemo aiki, ya danganta da maganin da yawanshi da irin ƙwayoyin. Masu binciken da kansu ba su ce kowa ya sha ba.» Sannan yad dube ni ta saman gilashi yac ce, «Malama Nafisa, faranti na da ƙoda?» Nic ce babu. «Yana da ciki da zai yi jini?» Nic ce babu. «Yana da maƙwabta?» Nic ce, «Dokta, na gane, don Allah ka bari haka nan.»

Ga abin da yac ce in gaya muku, kuma na haddace.

Farasitamol, wanda muke sha kamar gyaɗa, hanta ce ke aikin narkar da shi. Mai lafiya in ya sha daidai ƙa'ida ba komai. Amma hantar Baba ciwo na cinta ta gefe guda, kemo na ba ta aiki ta gefe guda, sai mu kuma munka ɗora mata lodi na uku. Kuma da yawan magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu, sunan kwalin ne kawai daban. Mutum uku za su kawo abu uku, su ɗauka sun bambanta, ashe abu guda ne ya canza riga.

Su ibufurofen da dikilofenak da asfirin kuwa, su na iya taɓa ƙoda, su na iya sa ciki ya yi jini, ga shi kemo dama na rage ƙwayoyin da ke tsai da jini.

Sai wanda yaf fi ba ni tsoro. Mai shan kemo in zazzaɓi ya kama shi, ba abin wasa ba ne, alama ce a ruga asibiti, don garkuwar jikinshi ta yi ƙasa. Magungunan ga kuwa suna danne zazzaɓi. Jiki na son ya yi kururuwa, mu mun toshe mai baki, muna cewa alhamdu lillahi ya samu sauƙi.

Ba a ce majinyaci ya zauna da ciwo ba. Dokta ya rubuta wa Baba nashi maganin ciwon, da awonshi da lokacinshi, kuma yana aiki. Abin da anka ce shi ne, hannu guda ke ba da magani, hannun da yas san abin da ke cikin jinin. Saura mu kawo kankana. Sista, na yi daidai? Ta ɗaga yatsa. Malam Yohanna, ka gani da idonka, a rubuta mani wannan, ko da ya zo a makare.

To ta huɗu, wadda ta tara mu. Ku ba ni hankalinku, har masu kallon waya, ni ma ga tawa na kife ta.

Duk abin da ke cikin ledar nan Dokta da Sista sun gane shi, sai guda. Wata 'yar ƙwaya ce mai ruwan ɗorawa, ƙarama kamar ƙwayar wake, ba rubutu, ba lamba, ba kwali. Rabi kaɗai munka samu, a naɗe cikin takardar littafin makaranta. Baba ya amsa da bakinshi cewa ya fi kwana goma yana shanta safe da yamma, don ita ce ta fi kwantar mai da ciwon. Dokta yac ce wagga ita ta fi damunshi. Akwai magungunan da ke daɗewa a jiki, akwai waɗanda ba a tsai da su farat ɗaya, akwai waɗanda ba su jituwa da kemo ko kaɗan. In bai san ko mece ce ba, ba shi iya sa wa Baba ruwan nan ran Talata da kwanciyar rai, sai dai a sake ɗagawa a jira. Kwalin kawai yake son gani. Kwali, ko sunan da ke jikinshi.

Za ku ce a tambayi Baba wa yab ba shi. Mun tambaya. Inna ta tambaya da lallashi, ta tambaya da faɗa, ta tambaya da kuka. Kawu Sa'ad, ƙanen Baba, ya zauna gabanshi tun hantsi har azahar. Ni na durƙusa. Kun san abin da yac ce? Yac ce, «Mutum ya taka ƙafa yaz zo gaishe ni, ya ba ni abin da yake ganin alheri ne, sannan in miƙa sunanshi ga likita kamar ɓarawo? Ya shiga unguwa ana nuna shi ana cewa ga wanda yak kusa kashe Malami? A ɗaga Talatar.» Nic ce, «Baba, ranka fa ake magana.» Yac ce, «Shi kuma mutuncinshi ake magana.» Yaj juya fuska bango. Wannan shi ne mutumin da kunka sani, ban ƙara ko gishiri ba. Ran nan na ji kamar in rungume shi, na ji kamar in kai shi ƙara wurin Liman.

Da nic ce mai zan tara unguwa, sharaɗi guda yab ba ni. Yac ce, «Kada ki kunyata mani kowa. In kin kunyata mutum guda ban yafe ba.» Na ɗauki alkawari. Shi ya sa nic ce kowa ya zo da kwalayenshi, don kada a gane na wa ake nema. Sista ta duba duk abin da anka zuba buhu tun da anka fara shigowa. Mai ruwan ɗorawa ba ta ciki.

Amma raina na ba ni tana cikin rumfar ga. Tana aljihun wani, ko bakin zanen wata, an zo da ita, an iso ƙofa, kunya ta riƙe hannu. Kai ko ke, ban san ka ba, kuma ba ni son in sani. Ba ka yi laifi ba. Ka ji muryar wata yarinya mai tabbacin abin da ba ta sani ba, ka yarda da ita don kana son Baba. In akwai wanda za a nuna a unguwar ga, ga ni tsaye, kowa ya gan ni, an gama.

Ga yadda za mu yi. Allah gafarta Malam, ka yi mani izini in yi 'yar addu'a, kai za ka rufe da ta gaskiya. Sista za ta koma bayan labulen can na bakin ƙofa da jakarta a buɗe, ta juya baya. Mai kwalin ya lallaɓa ya jefa shi cikin jakar, ya koma mazauninshi. Kowa zai sunkuyar da kai ya kalli tafin hannunshi, ba waige, ba satar kallo. 'Yan'uwanmu Kirista, ku dama kun iya rufe ido wurin addu'a, yau ku ne malamanmu. Gwaggo Binta, mafici ba labule ba ne, ina ganin idonki ta tsakiya. Masu jin fitsari da masu son shan iska, yanzu ne lokacinku, ku tashi ku yi ta kai da kawowa, don kada tafiyar mutum guda ta fito fili. Ni ma ga shi na juya wa ƙofa baya.

Bismillah.

Ya Allah, ka ba Baba lafiya, shi da duk majinyatan da ke gida da na asibiti. Amin.

Ya Allah, ka saka wa duk wanda yat taka ƙafa yaz zo dubiya, ka karɓi niyyarshi, ka yafe kuskurenshi. Amin.

Ya Allah, ka ƙara wa likitocinmu da nas-nas ɗinmu haƙuri da mu, don mun san ba mu da sauƙi. Amin.

Sista? Tukuna. To a ci gaba, kada wanda ya ɗaga kai.

Ya Allah, ka albarkaci kasuwarmu, layin atamfa da layin hatsi. Ka ba mu damina mai albarka. Ka zaunar da Sakkwato lafiya, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Ka shirya muna yaranmu. Ka tsare yatsunmu daga tura abin da ba mu karanta ƙasanshi ba. Ku ce amin da ƙarfi, ku cika rumfar da murya.

Ya Allah, ka ba masu neman aure, ka ba masu neman haihuwa, ka ba masu neman aiki. Ka gyara muna wutar lantarki. Ya Allah, addu'o'in da nis sani sun kusa ƙarewa, kai ka san abin da nike jira. Baba na gida yana kallon bango, ya zaɓi ya rufa wa bawanka asiri ko da Talata za ta wuce shi. Ka sauƙaƙa wa bawan nan naka taku goma. Taku goma ne kawai zuwa labule, ya Allah. Ka sa ƙafarshi ta yi sauƙi, ka sa...

Na'am, Sista?

Da kwalin? Da sunan a jiki, ana iya karantawa?

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ku dakata, kada ku ɗaga kai tukuna, a bar masu yawo su koma mazauninsu. Inna, bar kukan, kin sa ni ma zan fara. Sista, ɗauki hotonshi ki tura wa Dokta yanzu, wannan saƙon kam a tura.

To ku ɗaga. Ban ga kowa ba. Ku ma ba ku ga kowa ba. In na koma gida Baba zai tambaye ni ko na kunyata wani, zan ce mai a'a, kuma gaskiya zan faɗa.

Allah shi maida kowa gidanshi lafiya, shi haɗa mu a alheri. Malam, bismillah, ga lasifikar. Na gode.